Jatau Ya Bi Hanyar Jirgin Sama

A wani ƙauye da ke gindin dutsen Kwatarkwashi, tsakanin Gusau da Tsafe, an yi wani yaro ana ce masa Jatau. A lokacin ana cikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Gusau. Yaran ƙauyen da yawa ko mota ba su taɓa gani ba.

Jatau yaro ne mai kaifin kai. A makarantar allo shi ke fara wanke allonsa. Aibinsa ɗaya ne, ba ya jiran ƙarshen magana. Da ka faɗi rabi, ya ce ya gane, ya tashi. Ko aikensa aka yi, sai an bi shi da kira, "Kai, dawo ka ji abin da za ka sawo!"

Wata shekara, wajen ƙarshen damina, Innarsa ta haifi 'ya mace. Murna a wurin Jatau ba a magana, don ya daɗe yana son ƙanwa. Babansa, Malam Arzika, yana da wani farin rago da ya ajiye don ranar suna. Ragon yana kiwo a rugar Kawu Jibo, ƙanen Inna, can wajen Mada.

Ana jibi suna, da yamma, Jatau yana zaune a zaure tare da kakansa. Kakan nan ya je Makka da ƙafa tun yana saurayi, har ya taka Masar. Kowa na ce masa Baba Alhaji. Jatau kuwa Tsoho yake ce masa, don wasan jika da kaka. Tsoho yana tufka doguwar igiyar rama, wadda za a jawo ragon da ita.

Tsoho ya ce, "Abokina, ka san labarin da na jiyo kasuwar Gusau?"

"Sai ka hwaɗi, Tsoho."

"Wai jiragen sama sun taso tun daga Masar, sunka sauka Kano. Abin ya kwana biyu da hwaruwa, mu mutanen ƙauye yanzu labarin ya iso mu. Kuma wai ko mako ba su yi bisa hanya ba."

Jatau ya zaro ido. Ya ce, "Masar ɗin da ka ce ka yi shekara da shekaru kahin ka dawo daga can?"

"Ita hwa."

"To, Masar ce ta matso kusa, ko kai ne ba ka da sauri?"

Tsoho ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ja'iri! Miƙo mini duwatsun can biyu."

Ya ajiye dutse ɗaya a bakin ƙofa, ya ce nan ce Masar. Ya ajiye ɗaya kusa da tabarma, ya ce nan ce Kano. Sai ya fara shimfiɗa igiyar a tsakaninsu, yana lanƙwasa ta nan da can.

Ya ce, "Ga hanyata. Nan munka kewaye dutse. Nan munka bi bakin gulbi muna neman mashigi. Nan munka ji labarin 'yan hwashi, munka kauce."

Kafin igiyar ta kai Kano, ta kusa ƙarewa.

"Yanzu danne bakin can, ni in ja."

Jatau ya danne. Tsoho ya ja igiyar ta miƙe sak daga dutse zuwa dutse. Sai ga ragowar igiya ta taru tuli a gaban Tsoho.

Tsoho ya ce, "Ka ga tazarar tsuntsu. Sama ba dutse, ba gulbi, ba kewaye. Amma hwa, abokina, shi kanshi jirgin..."

"Na gane!" in ji Jatau. Ya yi tsalle ya fice, zai je ya ba abokansa labari.

"Kai, dawo ka ji sauran!"

Ina! Jatau ya riga ya sha kwana.

Washegari da sassafe Malam Arzika ya kira shi. Ya miƙa masa igiyar, ya ce, "Yau ina rabon goron suna, ba ni da sukuni. Ka tahi wurin Kawunka ka taho da ragon. Ka bi hanya, ka dawo ta hanya. Ka ji ko?"

"Na ji, Baba."

"Gobe da sahe Liman zai zo. In ba rago, kunya ta kama mu."

Jatau ya bugi ƙirji. Ya ce, "Kahin rana ta take tsaka, ragon shina gida."

Ya kama hanya. Da ma ya saba binta, amma yau sai ta riƙa ba shi haushi. Ta yi gabas, ta koma kudu, ta sake karkatowa kamar ba ta san inda za ta ba. Jatau yana tafiya yana tsaki. A ransa ya ce waɗanda suka fitar da hanyar nan ba su taɓa jin labarin jirgin sama ba.

Da hantsi ya isa ruga. Kawu Jibo ya ba shi nono ya sha. Ya kamo ragon, ya ɗaura masa igiya a wuya. Rago ne ƙosasshe, ga ƙaho, ga ƙarfi.

Kawu ya ce, "Jatau, ragon ga shina da kwaɗayin wake. In kun shiga burtali, ka riƙe shi gam. Shinge ne dama da hagu, ba inda zai..."

"Na gane, Kawu!"

Ya ja ragonsa ya wuce.

Bayan ruga akwai wani ɗan tudu. Da Jatau ya hau, sai ga dutsen Kwatarkwashi can gabansa, ya fito sarai. Gidansu yana nan a gindinsa. Hanya kuwa ta juya wa dutsen baya, ta nufi burtali, wato hanyar dabbobi da ke ratsa tsakanin gonaki.

Jatau ya dubi hanya. Ya dubi dutse. Ya dubi igiyar da ke hannunsa.

Ya ce wa ragon, "Ka ga gida can? Yau ni da kai hanyar jirgin sama za mu bi. Sak, ba kewaye. Sai Tsoho ya riƙe baki in ya gan mu."

Suka sauka daga hanya.

Da fari abin ya yi daɗi. Fili ne na saura, ba shuka. Jatau yana tafiya yana fito, idonsa a kan dutse. Ƙarangiya ta manne masa a wando, bai kula ba.

Can sai suka iso bakin wata gonar dawa. Dawar ta yi kyau, ta fi mutum tsawo nesa, ta fara fitar da kai. Jatau ya ɗan tsaya. Ya san ba a shiga gonar mutane da dabba. Kowane yaron ƙauye ya san wannan. Amma ya ce a ransa, jirgin sama ba ya kewaye, shi ma ba zai kewaye ba. Ai 'yar ratsawa ce kawai.

Suka kutsa ciki.

Bai yi nisa ba ya ɗaga kai don ya duba dutse. Babu dutse! Kara ne gaba, kara ne baya, ganye ya rufe sama. Ya yi ɗage, bai ga komai ba. Ya yi tsalle, bai ga komai ba. Duk da haka ya ci gaba.

A ƙarƙashin dawar kuwa wake ne ya yi yaɗo, kore shar, har ya fara fure. Ragon ya sunkuyar da kai, ya cika baki.

"Kai! Bari!"

Jatau ya ja igiya. Ragon ya ja. Jatau ya kai masa duka, ragon ya zabura ya yi cikin dawa da gudu. Doguwar igiyar nan ta naɗe karare. Jatau yana ja ta nan, ragon yana ja ta can. Sai ka ji ƙas, ƙas, dawa tana kwanciya. Suka yi ta zagaye wuri ɗaya, yaro da rago, har suka share fili kamar masussuka.

"Wane ne nan cikin gonata?"

Jatau ya daskare. Wani dattijo ya ratso kara, riƙe da lauje. Sunansa Malam Tambaya, shi ne mai gonar. Ya tsaya yana kallon dawar da ta kwanta. Kallon nan ya fi duka zafi a wurin Jatau.

Daga baya ya ce, "Ɗan wa ne kai?"

"Ɗan Malam Arzika, na gindin dutse."

"Mi ya kawo ka nan? Ka ɓace ne?"

Jatau ya sunkuyar da kai. Ya ce, "A'a, Baba. Hanyar jirgin sama na biyo."

"Hanyar mi?"

"Ta jirgin sama. Sak, ba kewaye."

Malam Tambaya ya dubi sama, ya dubi ragon da ke tauna wake. Ya ce, "To, ban ga hukahukai ba, amma na ga baki. Yaro, dawag ga da ka gani, ita ce tuwon ɗiyana har wata damina. Tun ruwan hwari nike wahala da ita."

Ya karɓi igiyar daga hannun Jatau, ya warware ta daga jikin karare.

A ƙasar akwai al'ada. Dabbar da ta yi ɓarna, mai gona yakan ɗaure ta a turkensa. Ba ta fita sai mai ita ya zo ya ga ɓarnar da idonsa. Jatau ya sani. Idonsa ya ciko da hawaye.

Ya ce, "Don Allah, Baba, ragon suna ne. Gobe da sahe za a raɗa wa ƙanwata suna."

"Allah shi raya ta. Amma rago na nan sai ubanka ya zo."

Malam Tambaya ba mugu ba ne. Ya ba Jatau ruwa a gora ya sha. Ya fitar da shi daga gonar, ya nuna masa hanya. Da Jatau ya waiwaya, sai ya hango tudun nan na bayan ruga, kusa ƙwarai. Duk wannan wahala, ashe ko'ina bai je ba. Dutsen kuwa yana can inda yake. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ya shiga burtali, hannu wayam. A hanya zuciyarsa ta ce masa, ka ce ragon ne ya ƙwace ya gudu cikin gona. Ai rago ba ya magana. Jatau ya yi ta juya abin. Sai ya tuna fuskar Malam Tambaya lokacin da yake kallon dawarsa. Ya girgiza kai, ya ƙara sauri.

Da azahar ya shiga gida. Tsakar gida cike da mata, ana ta daka. Gwaggonsa da ta zo daga Bungudu ce ta fara ganinsa.

Ta ce, "Jatau, ina ragon?"

Tabarya ta tsaya. Kowa ya juyo. Daga ɗaki ya ji kukan jaririya, sai kunya ta ƙara rufe shi. Ya wuce zaure, ya durƙusa gaban Babansa.

Ya ce, "Baba, na yi laihi. Ka ce in bi hanya, ban bi ba. Na ratsa gonar Malam Tambaya da ragon, munka karya mishi dawa. Ya riƙe ragon, ya ce sai ka zo."

Tsoho yana gefe. Ya ce, "Af! Jirginmu ya sauka, amma ba kaya."

Ba wanda ya yi dariya, har shi Tsohon.

Malam Arzika ya dubi ɗansa. Ya ce, "Ragon ne ya ƙwace maka?"

"A'a, Baba. Ni na shiga da shi."

"To, ka kyauta da ka hwaɗi gaskiya. Tambaya shina da gaskiya shi ma. Da gonata ce, haka zan yi. Ɗauko hauya biyu."

Suka yi salla, suka kama hanya. Ƙafafun Jatau sun gaji, amma ya daure. Da suka zo inda hanya ta yi gabas, Baba ya tsaya. Ya nuna masa wata ciyawa mai laushi, kore shar.

"Ka ga wurin can? Hwadama ce. Da damina jaki na nutsewa har ciki. Don haka hanya ta kauce."

Da suka zo inda ta koma kudu, ya nuna masa wata ƙorama.

"Nan kaɗai ne mashigi. Sama da nan akwai gurbi mai zurhi. Da ka tsallake gonar Tambaya, can za ka hwaɗa, kai da ragon."

Jatau ya leƙa ƙoramar. Ya ce, "Ashe kowane kewaye da dalilinshi."

Baba ya ce, "Waɗanda sunka hidda hanyag ga su ma suna ganin dutsen."

Suka sami Malam Tambaya a bakin gona. Ragon yana ɗaure a gindin wata ɗorawa, an zuba masa ciyawa. Aka gaisa. Malam Arzika ya shiga ya ga ɓarna, ya fito yana girgiza kai.

Ya ce, "Malam, mun yi maka laihi. Ka yi haƙuri. Ga mai laihin na kawo, ga hauya."

Malam Tambaya ya ce, "Wadda ta kwanta tana tashi in anka taimake ta. Mu gani in yaron ya iya gyara kamar yadda ya iya ɓarna."

Suka duƙufa. Jatau yana ta da kara a hankali, yana tara ƙasa a gindinsa, yana dannewa da ƙafa. Wasu kararen sun ƙi tsayawa, sai an haɗa su uku ko huɗu an ɗaure. Ba su zo da abin ɗauri ba. Jatau ya dubi doguwar igiyar da ke wuyan rago.

Ya ce, "Baba, a yanka wannan. Ai ta yi tsawo da yawa."

Aka yi ta yankan igiyar guntu-guntu ana ɗaure dawa. Ganye ya yanke Jatau a hannu, ƙaiƙayi ya dame shi, gumi ya jiƙa masa riga. Bai tsaya ba. Bayan la'asar dawar ta miƙe, sai 'yan kararen da suka karye sarai.

Jatau ya tattara su, ya kawo gaban mai gona. Ya ce, "Baba, waɗanga sun ƙi tashi. In kaka ta yi, zan zo in taya ka yankan dawa."

Malam Tambaya ya dafa kansa. Ya ce, "Na riƙe ka da wannan magana. Waɗanda sunka karye kuwa na yahe, albarkacin jaririya. Kwance ragonku."

Malam Arzika ya ciro goro daga aljihu, ya miƙa masa. Ya ce gobe suna jiransa wurin suna.

Suka juyo gida. Igiyar ta zama 'yar guntuwa, ragon yana tafiya dab da ƙafar Jatau. Suka bi burtali, suka ƙetare mashigi, suka kewaye fadama. Ana kiran magariba suka shiga gida. Da mata suka ji kukan rago, Gwaggo ta rangaɗa guɗa.

Da safe ƙofar gida ta cika. Malam Tambaya ya zo da farar rigarsa. Liman ya yi addu'a, aka yanka rago, aka raɗa wa jaririya suna Shafa'atu. Jatau ya ji wani sanyi a ransa, kamar an sauke masa kaya daga ka.

Da mutane suka ragu, ya je ya zauna kusa da kakansa.

Ya ce, "Tsoho, shekaranjiya ka ce, amma shi kanshi jirgin. Mi za ka ce?"

Tsoho ya kama haɓa. Ya ce, "Ikon Allah! Yau abokina ke neman ƙarshen magana? Ina igiyata?"

Jatau ya miƙa masa guntun da ya rage. Tsoho ya ɗaga shi sama yana dariya. Ya ce, "Wannan ko Gusau ba ta kaiwa, balle Masar."

Sannan ya gyara zama. Ya ce, "Abin da za ni hwaɗa maka shi ne, jirgin ma bai bi sak ba. An ce ya biyo ta Kartum, ya sauka. Ya sauka wasu garuruwa na bisa hanya, har da Yarwa. Sai inda anka share mishi hili, anka aje mishi mai. Ka ga shi ma da hukahukanshi, yana bin inda waɗanda sunka san ƙasa sunka shirya mishi."

Jatau ya yi shiru. Ya jira. Tsoho ya dube shi ta gefen ido.

"Ba ka ce ka gane ba?"

"Ina jiran ka ƙare."

"To, ga ƙarshen. Shi jirgi ba ya taka gonar kowa, kuma ba ya jan rago."

Malam Arzika da Malam Tambaya suka fashe da dariya. Jatau ma ya yi dariya, har da riƙe ciki.

Da Malam Tambaya ya tashi tafiya, aka ba shi rabonsa na nama. Baba ya ce Jatau ya ɗaukar masa, ya raka shi. Suka fita bayan gari, inda hanya ta fara karkata. Malam Tambaya ya tsaya, ya nuna wata doguwar ɗorawa can nesa.

Ya ce, "Ga gonata can, ana hangen ta. Ta ina za mu bi, direban jirgi?"

Jatau ya gyara ƙwaryar nama a kansa. Ya ce, "Ta hanya, Baba. Hanyar lahiya a bi ta da shekara."

Tun daga ranar, in babba yana magana, Jatau yakan jira har ya kai ƙarshe. In an ce masa ya bi hanya, yakan bi, ko da yana hangen inda za shi. Ya gane cewa rabin magana yakan jefa mutum cikin wahala, kuma sauri kan haifi nawa. Da kaka ta yi kuwa ya cika alkawari, ya je yankan dawa. A tsakiyar gonar ya tarar da kararen nan sun nuna, kowanne da kansa jawur, guntayen igiyar Tsoho suna nan ɗaure a jikinsu.